DAGA RAGAYA ZUWA ƊAN TEBUR: SHUƊIN LAUNI DA KAYAN JERE A ƘASAR GAYA DA AJINGI

1.0 GABATARWA

Duk wanda ya shiga ɗakin amarya a ƙasar Hausa a yau, ko a birni ko a ƙauye, da wuya ya rasa ganin wani ɗan ƙaramin tebur a gefen gado ko kusa da kujera, an ɗora masa fitila, ko kaskon turaren wuta, ko kwalaben humra. Saboda ƙanƙantarsa ba safai ake kula da shi ba. Amma kuwa shekara ɗari da 'yan kai da suka wuce babu shi a ɗakin Bahaushiya, babu ma sunansa a bakinta, domin kalmar "tebur" ko "teburi" aro ce daga Ingilishi.

Manufar wannan maƙala ita ce bayyana yadda wannan baƙo ya sami wurin zama cikin kayan jere, da abin da ya tarar, da abin da ya kora. Za a kuma duba dalilin da ya sa shuɗin launi, wanda a da na tufafi ne, ya sauko kan kwano da katako. An ɗauki ƙasar Gaya da Ajingi a matsayin misali, domin ƙasa ce ta karkara wadda ba ta da nisa da birni, inda tsohon yayi da sabo ke haɗuwa a gida ɗaya.

2.0 ƘASAR GAYA DA AJINGI

Gaya tana gabas da birnin Kano, ana zuwa mata ta Wudil. Ajingi kuwa maƙwabciyarta ce ta arewa, dukkansu biyu kuma sun yi iyaka da Jihar Jigawa, wadda aka cire daga Jihar Kano a 1991. Daga cikin garuruwan Gaya akwai Kademi da Shagogo da Gamarya, a Ajingi kuma akwai Toranke da Balare da Gafasa. Mazaunan wannan yanki Hausawa ne da Fulani, galibinsu manoma gero da dawa da wake da gyaɗa, da kuma makiyaya. A 2019 aka ɗaga Gaya ta zama masarauta mai daraja ta ɗaya, aka rushe wannan tsari a watan Mayu na 2024, sa'an nan a watan Yuli na shekarar aka mayar da ita masarauta mai daraja ta biyu, wadda ta ƙunshi Gaya da Ajingi da Albasu.

Sunan Gaya ya daɗe da haɗuwa da sana'ar hannu. A labarin Bayajida an ce maƙeran Gaya ne suka ƙera masa wuƙar da ya kashe macijiyar Kusugu da ita a Daura. Har wa yau labarin baka ya nuna cewa Abagayawa, watau maƙeran da suka zauna a gindin Dala don neman tama, daga Gaya suka fito. Ke nan ƙasar da ake magana a kanta ta san aikin hannu tun kafin zuwan kafinta da zarto.

3.0 JERE DA KAYAN ƊAKI

Kayan ɗaki su ne dukkan abin da iyayen amarya ke yi mata don ta tare da su a gidan miji, tun daga abin kwanciya har zuwa abin girki. Jere kuwa shi ne aikin shirya waɗannan kaya a ɗakin, wanda mata dangin amarya ke zuwa su yi kwana ɗaya ko biyu kafin a kai ta. Bisa al'ada ango ke samar da ɗaki, amma abin da ke cikinsa mallakar amarya ne. In aure ya mutu takan kwashe abinta, in kuma matsi ya zo tana iya sayar da wani abu daga ciki.

Daga nan za a fahimci cewa kayan jere suna da aiki iri uku. Na farko amfanin yau da kullum. Na biyu ado, da nuna wa 'yan ganin ɗaki cewa yarinya tana da gata. Na uku ajiyar dukiya. Binciken da Barbara Cooper ta yi a Maraɗi, wanda aka buga a 1997, ya nuna yadda mata ke auna darajar junansu da yawan jama'arsu ta kayan da aka tara wa amarya. Wannan haka yake a ƙasar Kano, inda uwa kan fara tari tun 'yarta na ƙarama, ta hanyar adashi da ribar talla da gudummawar biki.

4.0 SHUƊI A IDON BAHAUSHE

Bahaushe ya san shuɗi ne ta hanyar rini. Ana samun shuni daga ganyen baba, a haɗa shi da ruwan toka da katsi a cikin karofi, a bar shi kwanaki har ya nuna. In aka tsoma zane aka fito da shi, da farko yakan yi kamar tsanwa, sai iska ta buge shi sa'an nan ya juye ya zama shuɗi. Yawan tsomawa ke ƙara masa duhu, har ya kai inda Bahaushe ke kiransa baƙi. Marinar Ƙofar Mata a Kano, wadda ake danganta kafuwarta da shekarar 1498, ita ce ta fi suna, amma garuruwan karkara da yawa sun yi nasu karofi, Kura kuwa ta shahara har aka sa wa rawani suna ɗan Kura. Baturen nan Heinrich Barth, wanda ya zo Kano a 1851, ya ba da labarin yadda rinannun tufafin Kano ke kai wa har Tambutu da Murzuk da Tarabulus.

Akwai abin lura a nan ga ɗalibin harshe. Kalmar "kore" a yau tana nufin launin ganye, amma rigar da ake kira kore rinanniya ce da shuni, wadda aka buga har tana ƙyalli. Haka nan "saƙi" da "bunu" da "turkuɗi" duk sunayen tufafi ne masu shuni. "Bula" kuwa, wadda ake sa wa fararen tufafi a wanki, da "bulu", duk aro ne na baya-bayan nan, daga nan kuma aka sami "ruwan bula" don shuɗi mai haske.

Sai dai shuni yana da iyaka. Zare yake kamawa, domin cikin silin auduga yake shiga yana jiƙe, ya daskare a can in ya sha iska. Ba ya zama a kan katako yadda ya kamata, in kuma aka shafa wa tukunya aka gasa, wuta za ta cinye shi. Saboda haka masu gyaran ƙwarya da ƙuna da farar ƙasa da jan karan dafi suke ado, masassaƙa kuma da wuta suke baƙanta akushi. Shuɗin da ke ɗakin Bahaushiya ta da yana jikin zanenta ne, da luru ko gwadon da ta shimfiɗa a gado. Wannan shi ne tushen da za a auna canjin da ya biyo baya da shi.

5.0 ZAMANI UKU NA KAYAN JERE

Masu cinikin tsofaffin kaya a Turai da Amurka sukan kasa kayan ɗaki kashi uku: wanda ya kai shekara 100 ko fiye, shi ne kayan tarihi, wanda ya haura shekara 20 amma bai kai 100 ba, shi ne na tsaka-tsaki, sai kuma na yayi. Wannan kaso ya yi kusa da abin da ya faru a ƙasar Hausa, don haka za a bi shi.

5.1 ZAMANIN ƘWARYA DA RAGAYA

Kafin Turawa su ci Kano a 1903, rayuwar cikin ɗaki a ƙasa take. A kan tabarma ko buzu ake zama, a nan ake cin abinci, a nan malami ke rubutu da allo a cinya. Gadon kara ko na ƙasa bai da tsawo sosai, kujerar mace kuwa 'yar tsugunno ce, wadda masassaƙi ke fitarwa daga guntun icce ɗaya ba tare da ƙusa ba. Mutumin da ke zaune a ƙasa ba ya bukatar tebur, domin duk abin da ya ajiye a daɓe hannunsa na kai wa gare shi.

Abin da ake bukata shi ne wurin tsare kaya daga gara da ɓera da kaji, da kuma wurin baje su don ado. Ragaya ce ke yin na farko: igiya ce da aka saƙa aka rataye daga rufin ɗaki, a ɗora mata ƙwaryar nono ko ta fura. Shi ya sa Hausawa ke cewa ɗaki ba ya tashi ragaya ta zauna. Na biyu kuwa danki ne da dakalin ƙasa da ake ginawa a jikin bango, inda ake kifa ƙoƙuna da ƙorai bisa tsari, babba a ƙasa ƙarami a sama, a rufe da faya-fayi masu launi. Tufafi kuma a adudu ko lefe ake ajiye su. Masu hali sukan ƙara da tasoshin jan ƙarfe da na farin ƙarfe. Har yanzu a rugagen Fulani na wannan yanki jeren ƙorai bai rasa daraja ba.

5.2 ZAMANIN KWANO DA KABAD

Abu uku suka kawo tebur. Na farko ofis da makaranta, inda Bature ya zo da kujera mai dogayen ƙafafu, wadda ba ta da amfani sai da abin ɗora takarda daidai tsayinta. Na biyu kafinta: makarantar da Hanns Vischer, watau Ɗan Hausa, ya buɗe a Nasarawa ta Kano a 1909 tana da sashen koyon sana'a, har da aikin katako, daga baya kuma ma'aikatun En'e suka yaye wasu. Na uku jirgin ƙasa, wanda ya iso Kano a 1911. Shi ya kawo katako daga kurmi da fenti da ƙusa, shi kuma ya kwashi gyaɗa tun daga 1912, kuɗinta ya shiga hannun manoman karkara irin na Gaya.

Da kuɗin gyaɗa aka shiga kantunan kamfanoni irin su John Holt da G.B. Ollivant da U.A.C., wanda aka kafa a 1929, da na Kwarori a Kantin Kwari. Abin da ya fi ɗaukar hankalin mata shi ne kwano mai fenti, watau langa da samira da fanteka da daro. An riƙa shigo da su daga Turai da Hongkong, sa'an nan aka kafa kamfanin Nigerian Enamelware a Legas a 1960, daga baya aka riƙa yin irinsu a Kano.

A nan ne shuɗi ya fara zama a kan abu mai tauri. Abin da ake kira fentin kwano garin gilashi ne da ake shafa wa ƙarfe a gasa da zafin da ya kai kimanin digiri 800, har ya narke ya manne. Ana sa wa shafen farko wani ma'adini mai suna kobal don ya kama ƙarfen da kyau, shi kuwa kobal shuɗi yake bayarwa, wuta kuma ba ta cin launinsa. Da shi ne mutanen Sin suka yi tangaran mai fari da shuɗi a garin Jingdezhen tun ƙarni na 14, da ma'adinin da aka kai musu daga Farisa, mutanen Delft na ƙasar Holan kuma suka kwaikwaya a ƙarni na 17. Farin kwano mai shuɗin baki da farantin tangaran mai shuɗin fure duk daga wannan zuriya suke. Idon da ya saba da saƙi bai ga baƙon abu ba, sai ya karɓa. Har magina suka riƙa kafa faranti a tsakiyar daurin guga na soro don ado.

Kwano ya fi ƙwarya nauyi, ya kuma fi ta yawa, ragaya da danki suka kasa. Sai aka koma ga tebur. Teburin jere na farko dogo ne siriri da ake jinginawa a bango, a ɗora jeren samiru har su kusa taɓa rufi. Daga shi aka sami kanta mai hawa-hawa, sa'an nan kabad mai gilashi. Da gadon ƙarfe mai rumfa ya shigo, ya ɗaga mai kwanciya sama, sai fitilar ƙwai da agogo da rediyo suka bukaci wurin zama kusa da hannu. Wannan shi ne asalin ɗan teburin gefen gado. Ke nan tsayin gado da kujera ne ya haifi tebur.

Kafintan ƙauye yakan yi wa irin wannan tebur fentin mai, sau da yawa shuɗi ko tsanwa, kamar yadda ake yi wa ƙofa da taga da akwatin ƙarfe. Fenti yana rufe aibin katako mai araha, yana kare shi daga danshi, mai duhu kuma ba ya saurin nuna dauɗa. Shuɗi ya ƙara da cewa ya dace da bakin kwanukan da za a ɗora. Matan gida kuma sukan rufe shi da ƙyalle mai aikin kwarashi.

Wannan zamani ya kai ƙololuwarsa a shekarun arzikin man fetur, musamman bayan ƙarin albashin Udoji da aka biya a farkon 1975. A lokacin ne aka yi yayin Formica, wanda Hausawa ke kira fomeka, watau wani siririn falle mai santsi da aka ƙirƙiro a Amurka, ana manna shi a kan katako. Gadon fomeka da kabad da tebur suka zo saiti guda, launi guda, da madubai a jiki.

5.3 ZAMANIN YAYI

Daga shekarun 1990 zuwa yau tangaran da gilashi da kuloli sun ture samira a birni, ko da yake a ƙauyukan Gaya da Ajingi ba ta ɓace ba. Gida mai falo ya raba kayan da a da ke ɗaki ɗaya: gado da wadirob da madubi a uwar ɗaki, kujerun kushin a falo, kwanuka a kicin. Ƙaramin tebur ya rabu biyu, akwai durowar gefen gado, akwai kuma ƙananan da ke rakiyar teburin tsakiyar falo. Kayan aikinsu su ne garin katako da aka matse da gam, da gilashi, da ƙarfe mai ruwan zinariya, da roba. Wasu daga Sin da Turkiyya da Dubai ake kawo su, wasu kuma kafintocin gida ke kwaikwaya daga hoton waya, da katakon da suke saya a kasuwanni irin ta 'Yan Katako da ke Na'ibawa. Launi yanzu zaɓi ne: amarya kan ce ɗakinta shuɗi da fari take so, sai a bi da labule da kafet da zanen gado.

6.0 YADDA AKE GANE ZAMANIN TEBUR

Mai nazari yana iya kimanta shekarun abu ta waɗannan alamu:

(a) Sassaƙe: in daga icce ɗaya aka fitar da shi, ga sawun gizago, babu ƙusa, aikin masassaƙi ne. Irin wannan a kujera ake samunsa, siffarsa kuma ta girmi zuwan kafinta.

(b) Haɗi: tsohon kafinta yakan huda katako ya cusa wani a ciki. Aikin baya ya fi dogara ga ƙusa da gam, na yanzu kuma ga noti da ƙusar bindiga.

(c) Fenti: in aka duba inda ya ɓare aka ga hawa biyu ko uku, teburin ya ga biki fiye da ɗaya, domin akan sake fenti in za a ba ƙanwa ko 'ya.

(d) Gefe: fomeka yakan ɗago a kusurwa ya nuna katakon ciki. Matsattsen gari kuwa in ya sha ruwa kumbura yake yi ya marmashe.

7.0 ABIN DA CANJIN YA JAWO

Canjin nan ya zo da sauƙi ta wajen tsabta da tsari, amma ya zo da matsala iri uku.

Ta farko nauyi a kan iyaye. Ƙwarya a gona ake shuka ta, ragaya a gida ake saƙa ta, amma gado da kujeru da tebura sai da tsabar kuɗi. Manomin da amfaninsa sau ɗaya ke zuwa a shekara yakan sayar da dabba ko ya jinginar da gona, akan kuma ɗaga biki don kaya ba su haɗu ba, duk don gudun gorin kishiya da dangin miji. Alhali a fiƙihun Malikiyya, kamar yadda yake a Muhtasar na Shehu Halilu, asalin abin da aka ɗora wa mace shi ne ta yi kayan ɗaki bisa al'ada gwargwadon sadakin da ta karɓa. Girman wannan nauyi ya sa da Gwamnatin Jihar Kano ta fara auren zawarawa ta hannun Hukumar Hisba a 2012, da kuma lokacin da ta aurar da ma'aurata 1,800 a watan Oktoba na 2023, gado da katifa na cikin manyan abubuwan da ta ɗauke wa iyaye.

Ta biyu raunin ajiya. Tasa da samira sukan shekara talatin, in bukata ta taso a ba dillaliya ta sayar da daraja. Teburin matsattsen gari kuwa damina biyu ko uku a ɗaki mai danshi sun isa su gama da shi. Ke nan kayan ɗaki sun ƙara tsada, amma aikinsu na uku, watau zama dukiyar mace ta ranar wuya, ya ragu.

Ta uku asarar tarihi da kalmomi. Tsofaffin tasoshi suna tafiya hannun 'yan gwangwan a kan nauyin ƙarfensu, tsofaffin tebura kuma suna ƙarewa a murhu. In abu ya tafi, sunansa kan bi shi. Yara da yawa a birni ba su san danki ko adudu ba, karin maganar da aka gina a kansu kuma sai ta zama duhu.

8.0 KAMMALAWA

An ga yadda Bahaushiya ta tashi daga ragaya da danki zuwa teburin jere da kabad, har zuwa saitin yayi, da yadda shuɗi ya taso daga karofi ya bi ta kwano ya sauka a kan katako. An kuma ga cewa bukatar da kayan ke biya ba ta canja ba, watau amfani da ado da ajiya, sai dai ma'auninsu ne ya karkata wajen ado.

Gidan Makama a Kano ya keɓe wuri don nuna ɗakin amaryar gargajiya, wannan kuwa abin yabo ne. Amma kayan zamanin tsakiya, irin su teburin jere da gadon fomeka, su ma sun isa a fara adana su, tun da tsohuwar zuma da ita ake magani. Ya kamata ɗaliban Hausa, musamman 'yan asalin Gaya da Ajingi, su yi amfani da hutu su zauna da tsofaffin mata da dillalai da kafintoci, su rubuta sunan kowane abu da amfaninsa da zamanin da aka yi yayinsa, su ɗauki hotonsa da izinin mai shi. Mata ne suka fi kowa sanin wannan fanni, don haka ɗalibai mata, waɗanda ke iya shiga har uwar ɗaki, su ne suka fi dacewa su ja gaba.